Abin Da Ba Ya Auno A Mudu

Jama'a, yau za mu ɗan taɓa zancen da masana tattalin arziki suka daɗe suna yi, watau bambancin kayan mutum ɗaya da kayan kowa da kowa. Wani Ba'amurke masani, Paul Samuelson, shi ya tsara zancen nan a rubuce cikin 1954, amma kowane falke ya san shi tun kafin nan.

Ku dubi goro. In Alhaji ya saya ya tauna, ya ƙare, wani ba zai tauna shi ba. Wanda bai biya ba kuwa, mai faifai ya hana shi. Fitilar bakin titi fa? Hasken da ta ba mai shago bai rage na mai wucewa ba, ba kuwa yadda za a yi a rufe idon wanda bai ba da ko kwabo ba. Shi ya sa ba ɗan kasuwar da zai kasa ta. Kowa sai ya noƙe, yana jira maƙwabci ya biya.

Garin nan namu na Laurel ya ɗanɗana wannan. Cikin 1899 gobara ta tashi ta cinye gine-gine a tsakiyar gari, a lokacin kuwa babu tsayayyun 'yan kwana-kwana. Sai cikin 1902 mutanen gari suka kafa ƙungiyar sa kai ta kashe gobara, tana nan har yau. Aikin nan yana tafiya ne da kuɗin haraji da gudummawar jama'a. Ranar da wuta ta kama, ba mai tambayar rasit.

To, wani ya ce, me zai hana a sayar da kashe wuta kamar goro? An gwada. A wata karkara ta jihar Tennessee, a da, mai son motar birnin South Fulton ta zo masa sai ya biya dala 75 a shekara. Cikin 2010 gidan wani da bai biya ba ya kama. 'Yan kwana-kwana suka ƙi taɓa shi, sai da wutar ta ƙetara wajen maƙwabcinsa mai biya, sa'an nan suka zo suka tare ta a iyaka. Gidan ya ƙone ƙurmus. Mu dai a ganinmu abin nan bai yi kyau ba, ba kuma dabara ba ce, domin wuta ba ta san iyakar fili ba. Waɗanda suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ta Kantamanto a Accra a 2025, sun san yadda take tsallaka daga rumfa zuwa rumfa.

Saboda haka in takardar harajin gida ko na kanti ta iso, ko 'yan sa kai suka aiko neman taimako, dattawa su bayyana wa samari cewa a ciki akwai kuɗin tiyo da tsani da man motar da za ta zo cikin dare.