Yadda Za Mu Bi Sawun Kakanninmu Talakawa Cikin Tsofaffin Littattafai

A wani taron ƙungiyar gama kai da muka je bayan girbi, maganar rabon taki ta juya ta zama maganar gado. Gidaje biyu suna jayayya a kan wata fadama, kowa yana cewa ta kakansa ce. Da dattawa suka tambayi sunan uban kakan nan, sai wuri ya yi tsit. Tsohuwar da ta san amsar kuwa an binne ta bara. Muka tashi ba a raba gardama ba, gidajen nan biyu kuma suka daina zama a benci ɗaya a majami'a.

Sarakuna suna da maroƙa masu jera sunayen kakanninsu. Manomi da lebura ba su da kowa. Amma ko da talaka bai rubuta kome game da kansa ba, waɗansu sun rubuta sunansa: mai ƙidaya, da mai karɓar haraji, da fasto, da mai lura da maƙabarta. In mun san inda littattafan nan suke, da yadda ake haɗa su, za mu iya bin sawunsa.

Yadda ake yi a Ingila

Bari mu fara da Ingila, gama can ne aikin nan ya yi ƙarfi, kuma daga can 'yan mishan da yawa suka kawo mana al'adar ajiye rajista. A shekara ta 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na 8, ya ba da umarni kowace ekklesiya ta riƙa rubuta wanda aka yi wa baftisma, da wanda ya yi aure, da wanda aka binne. Daga 1813 aka shiga amfani da littattafai masu layi. Na baftisma yana nuna sana'ar uban yaro, na jana'iza kuma yana nuna shekarun mamaci da inda ya zauna. A 1837 gwamnati ma ta soma tata rajistar haihuwa da aure da mutuwa.

Ƙidayar jama'a kuwa sun fara ta a 1801, ana yi duk bayan shekara 10. Ta 1841 ce ta fara rubuta sunan kowa gida gida. Ta 1851 ta ƙara da garin da aka haifi mutum, da dangantakarsa da mai gida. Ana rufe takardun nan shekara 100 kafin a bar jama'a su duba, shi ya sa na 1921 ba a buɗe su ba sai a 2022. Na 1931 kuwa gobara ta cinye su a 1942.

Ga yadda suke haɗa littattafan. A ce mutum ya sami kakansa cikin ƙidayar 1881, an rubuta leburan gona ne, mai shekara 40, haifaffen ƙauye kaza. Sai ya nemi littafin baftisma na ƙauyen, ya duba wajen 1841. Can zai ga sunan uba da uwa. Sa'an nan ya nemi aurensu, ya nemi ranar da aka binne su. Matalauta da yawa an binne su ba dutse a kan kabari, littafin jana'iza kaɗai ya riƙe sunansu. Littafi ɗaya ba ya isa. Ko a ƙidayar 1841 an rage shekarun manya, mai shekara 44 aka rubuta masa 40. Sai littafi biyu ko uku sun yarda da juna kafin a gaskata.

Namu littattafan

1. Ƙidaya da haraji. An yi ƙidaya a ƙasarmu a 1911, da 1921, da 1931, da 1952 zuwa 1953, da 1963. A Arewa ƙidayar farko ta dogara ƙwarai a kan lissafin haraji, abin da aka buga kuma jimla ce, ba sunaye ba. Saboda haka abin da ya fi taimakonmu shi ne takardun haraji. Mai unguwa da dagaci ne suke tara sunayen magidanta, En'e kuma ta ba da rasit. Tsofaffi da yawa sun adana rasit ɗin nan cikin gwangwani, gama shi ne shaidar mutum in ya yi tafiya. A Ma'ajiyar Tsofaffin Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna akwai rahoton da Di'o-Di'o suka rubuta lokacin da suke yanka wa gundumomi haraji. Ba safai za a ga sunan talaka a ciki ba, amma za a ga sunan ƙauye, da yawan mutanensa, da abin da suke nomawa, da wanda yake sarauta.

2. Littattafan ekklesiya. Waɗannan su ne dukiyarmu ta kusa. Mishan na S.I.M. ya zauna a Patigi a 1902, S.U.M. a Wase a 1904, C.M.S. a Panyam a 1907, 'yan Danmak a Numan a 1913, Ekklesiyar 'Yan'uwa kuma a Garkida a 1923. Daga irin tashoshin nan aka fara rubuta masu bi. Mu nemi littafin baftisma, da na aure, da na 'yan ajin baftisma, da rajistar makarantar mishan. Amma mu lura da abu ɗaya. A Katolika da Angilikan ana yi wa jarirai baftisma, don haka ranar tana kusa da ranar haihuwa. Ekklesiyoyi da yawa kuwa ba su yi wa mutum baftisma sai ya girma ya ba da shaida da bakinsa. A can ranar baftisma ba ta nuna shekarun mutum ko kaɗan.

3. Jana'iza. Kakanninmu da yawa an binne su a cikin gida ko a hurumin dangi, ba wanda ya rubuta. Nan sai mu nemi tsohon da ya san kaburburan, ya nuna mana tun yana da ƙafa. Inda akwai maƙabartar ekklesiya, mu karanta abin da aka zana a jikin siminti kafin ruwa ya share shi. Mu tara takardun da ake rabawa wajen jana'iza masu ɗauke da tarihin marigayi. Mu duba kuma shafin farko na tsohon Littafi Mai Tsarki na gida, gama nan iyayenmu suka saba rubuta haihuwa da mutuwa.

Waɗanda suka tafi neman kuɗi

Sau da yawa sawu yakan ɓace domin kaka ya bar gida. Waɗansu sun tafi aikin dogo, wanda ya isa Kano a 1911, ƙaramin dogo na Zariya kuma ya isa Jos a 1914. Dubbai sun shiga haƙar kuza a Jos da Bukuru da Barikin Ladi. Daga 1942 zuwa 1944, lokacin yaƙin Hitila, gwamnati ta tilasta wa mutane aikin kuza, aka kwaso su daga larduna masu nisa, da yawa kuma ba su koma ba. In an ce kaka ya tafi bariki, kada mu tsaya a littafin ƙauyenmu. Mu tambayi ekklesiyar garin da ya sauka. In soja ya yi, mu nemi littafin sallamarsa, gama lambarsa tana ciki.

Suna ma yana ruɗi. Mutum ɗaya zai iya zama da sunan yare a gida, da sunan Hausa a bariki, da sunan Littafi Mai Tsarki bayan baftisma. Bature kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Mu rubuta dukan sunayen a layi ɗaya, har da laƙabi.

Ta ina za mu fara?

Na ɗaya, mu fara da masu rai. Da tsohuwar zuma ake magani. Mu zauna da tsofaffi, musamman mata, gama su ne suka san wanda ya auri wa, da gidan da kowace amarya ta fito. Mu tambaye su ɗaya ɗaya, kada babba ya rufe bakin ƙarami.

Na biyu, tsofaffi ba su ƙirga shekara da lamba, sai da abin da ya faru. Mu taimake su da irin waɗannan: yunwar 1914, annobar mura ta 1918, zuwan Sarauniya a 1956, samun mulkin kai a 1960, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973.

Na uku, mu fara daga kanmu mu koma baya, tsara bayan tsara. Kada mu yi tsalle domin mun ga suna irin namu. Kowane abu muka rubuta, mu sa a gefensa wanda ya faɗa mana, ko littafin da muka gani a ciki.

Na huɗu, mu shirya zuciya. Wani zai tarar kakansa bawa ne, ko baƙo ne da aka ba aron gona. Wannan ba abin kunya ba ne, ba kuma makamin gori ba ne. Littafin baftisma ba takardar mallakar gona ba ce. Abin da zai nuna shi ne wane ne ɗan wane. Amma wannan kaɗai yakan taimaki dattawa su sasanta 'yan'uwa kafin magana ta kai kotu.

Aikin ƙungiya

Gara ba ta san littafin baftisma ba. Mun ga rajista a cikin rumbu, rabinta ya zama ƙasa. Muna roƙon kowace ƙungiya ta zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je wurin fasto da magatakarda su nemi izini. A fitar da tsofaffin littattafai, a kakkaɓe su, a ɗauki hoton kowane shafi da wayar hannu, a kuma kwafe sunayen cikin sabon littafi mai bango mai ƙarfi. A sa na ainihi cikin akwatin ƙarfe, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kwafi ɗaya ya zauna a wani gari dabam, saboda gobara ko tashin hankali.

Rani ne lokacin wannan aiki, sa'ad da fartanya take hutawa. A taro mai zuwa, bari kowa ya zo da sunayen kakanninsa iyakar inda ya sani, da sunan tsohon da zai je ya tambaya a wannan mako.