Hulunan Madannai da Matsayin Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Duk wanda ya taɓa buga Hausa da tafireta ya san wahalar da ke tattare da baƙaƙen nan ɓ da ɗ da ƙ. Akawu ya kan buga b da d da k tsurarsu, sa'an nan ya bi takardar da alƙalami yana ƙara musu lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya. In ya yi mantuwa, sai ƙafa ta zama kafa, baƙi su koma baki. Tun cikin shekarun 1930 aka shigar da waɗannan baƙaƙe cikin rubutun boko, amma yawancin injinan rubutun da aka shigo da su ofisoshi da makarantu ba su da gurbinsu.

Kwamfuta ta kawar da rabin wannan wahala. A tsarin Unicode kowane ɗaya daga cikinsu yana da lambarsa, babba da ƙarami, har da ƴ wadda ake rubutawa a Nijar a inda mutanen Nijeriya ke rubuta 'y. Rabin da ya rage yana ƙarƙashin yatsun mai bugu, gama allon madannai da ake sayarwa a kasuwa bai nuna inda baƙaƙen suke ba. Ɗalibin da bai ga harafi a gabansa ba, da wuya ya neme shi.

Ya kamata a fara rarrabe abubuwa biyu. Madanni shi ne ɗan makunnin da ke ƙasa, mai aika wa kwamfuta lamba in an taɓa shi. Hula kuwa ita ce robar da aka kifa a kansa, wadda yatsa ke taɓawa, ido ke karantawa. Hula ba ta faɗa wa kwamfuta kome. Manhaja ce ke yanke cewa lamba kaza tana nufin harafi kaza. Saboda haka in an rubuta Ƙ a kan hula ba a gyara manhaja ba, K ɗin nan dai za ta fito. Aikin hula shi ne ta gaya wa mutum gaskiyar abin da injin zai yi.

A kan allo mai arha duk madannai suna kwance bisa shimfiɗar roba guda, hulunansu kuma ba su shiga allon wani kamfani. Amma akwai allon da kowane madanni ke da makunninsa dabam, da 'yar waya nannaɗaɗɗiya mai mayar da shi sama. Mafi shahara cikin irin wannan makunni shi ne Cherry MX, wanda kamfanin Cherry ya fito da shi a farkon shekarun 1980. A kansa akwai ɗan turke mai siffar alamar tarawa ta lissafi, hular kuwa tana da rami daidai da shi. Da wasu kamfanoni suka kwaikwayi wannan turke, sai ya zamana hula ɗaya tana iya hawa alluna iri iri, daga nan kuma sana'ar ƙera huluna na musamman ta sami gindin zama. Awon ma ɗaya ne: daga tsakiyar madanni zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 19.05 ne, watau kashi uku cikin huɗu na inci, da shi ake auna sauran. Doguwar sandar barin fili, alal misali, galibi ninki 6.25 ce ta wannan awo.

Roba iri biyu aka fi amfani da su. Wadda ake kira ABS tana da sauƙin zubi, tana kuma karɓar launi da kyau, sai dai yatsu kan goge ta har ta riƙa ƙyalli. PBT ta fi ta jimiri da jure zafi, amma ta kan ƙanƙance in tana hucewa, har doguwar sanda ta kan fito a karkace.

Inda maganar ta fi shafar Hausa shi ne yadda ake ɗora harafi a kan hular. Hanya mafi arha ita ce a buga shi da tawada a bisa. Wannan ba ta daɗewa, ga Hausa kuwa illarta ta fi yawa, domin abin da ya raba Ƙ da K ɗan lanƙwasa ne siriri, in ya goge an koma gidan jiya.

Hanya ta biyu ita ce zubi biyu. Ana zuba harafin da roba mai launi ɗaya, sa'an nan a zuba jikin hular da wani launi ya kewaye shi. Harafin ya ratsa kaurin hular ke nan, ba ya gogewa ko da an shekara ashirin ana bugu. Kamfanin GMK na Jamus, wanda ya gaji mazuban Cherry, da Signature Plastics na Amurka sun yi suna a wannan aiki. Amma fa kowane harafi sai an sassaƙa masa nasa mazubi na ƙarfe. Mazuban A zuwa Z suna nan tuntuni, kuɗinsu ya daɗe da fita. Na Ɓ da Ɗ da Ƙ kuwa, in masana'anta ba ta da su, sai an biya an sassaƙa sababbi, a raba kuɗin a kan masu saye. In masu sayen dubbai ne abin ba ya nauyi. In hamsin ne, harafi uku na iya tsauwala farashin dukan saitin.

Hanya ta uku rini ce. Ana buga zanen a kan takarda ta musamman, a manna ta a kan hular PBT, a matse da zafi har rinin ya zama tururi ya shige cikin robar. Da haka aka yi baƙaƙen allon IBM Model M na 1985, wanda har yanzu ake samun tsofaffinsa da rubutunsu garau. Ƙa'idarta ita ce ta marina: farin ƙyalle ya kan karɓi shuni, amma wanda ya sha shuni ba ya rinuwa fari. Dole harafin ya fi hular duhu, sai ko in an rina dukan hular an bar gurbin harafin fari, wannan kuwa ya fi wuya. To, amma ba a bukatar sabon mazubi. Zana Ɗ a takarda bai fi zana D tsada ba, ajami ma haka. Ga harshen da masu sayen allonsa ba su da yawa tukuna, lalle wannan ce hanyar da ta dace.

Masu sha'awar abin a Amurka da Turai da gabashin Asiya suna da dabarar da ta yi kama da karo-karo. Mai zane ya kan nuna hoton saitin da ya tsara, masu so su biya kuɗi tun kafin a ƙera, in an kai adadin da masana'anta ta gindaya sai a fara zubi. A shekarun 2020 da 2021 jira ya kan wuce shekara guda. Ta wannan hanya ake yin ƙananan saiti na ƙari domin Jamusanci da harsunan arewacin Turai, kuma sau da yawa irin waɗannan su ne ke kasa kai adadin.

Akwai abin da masu ilmin harshe ne kaɗai za su iya yankewa, kuma sai an yanke shi kafin a tunkari masana'anta. A yawancin saiti hulunan kowane jeri suna da nasu tsayi da karkata, don yatsa ya same su da sauƙi. D da K suna jerin tsakiya, B tana na ƙasa, Y tana na sama. In an yarda Ƙ ta zauna tare da K a madanni ɗaya, a riƙa fito da ita da taimakon wani madanni, sai a rubuta ta ƙarama a kusurwar hular K. In kuwa an ba ta gurbin Q, tun da Hausa ba ta amfani da Q da V da X, to hular jerin sama za a yi mata, ba kuwa za ta zauna daidai a wani jeri ba. Tsari na farko ya fi sauƙi ga mai rubuta Hausa da Turanci a allo ɗaya, kamar yadda malaman kwaleji ke yi kullum. Na biyu ya fi sauri ga mai buga Hausa zalla, ganin yadda ɗ da ƙ ke yawan zuwa cikin kalmomi irin su ɗaya da ƙasa. Akwai siffar hula da ake kira DSA, wadda duk jeri tsayinsu ɗaya, da ita za a iya gwada tsarin biyu a aji ɗaya ta hanyar sauya wa huluna wuri, kafin a tsayar da wanda za a kai rini.