Hoton Mujiya a Cikin Hunturu: Darasi Daga Ƙasashen Ƙanƙara Zuwa Dandin Mahe

A duk shekara idan sanyi ya kankama a Kanada da arewacin Amurka, masu ɗaukar hoto kan yi tururuwa zuwa filaye da bakin tafkuna, su jure sanyin da ke daskarar da ruwa, domin su sami hoton wata farar mujiya tana shawagi. Ainihin mazauninta shi ne can ƙurewar arewacin duniya, hunturu ne ke gangaro da ita kudu. A hunturun 2013 zuwa 2014 ta kwararo da yawan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, har masana suka kafa shirin Project SNOWstorm domin bin diddiginta. A 2017 kuwa ƙungiyar IUCN ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazana.

Mu a nan ba mu da wannan tsuntsuwa, amma muna da 'yar uwarta, wato mujiyar nan mai farar fuska da ke kwana a kogon kuka da tsofaffin soraye. Duk wanda ya san ƙauyukan Dandin Mahe, a tsakanin Boɗinga da Shagari, ya san yadda take giftawa kan gonaki da magariba ba tare da an ji motsin fiffikenta ba. Bambancin kawai shi ne, can ana bin ta da kyamara, nan kuwa da dutse da gwafa. Kukanta a kan rufin gida ya isa a ce mutuwa ta kusa, wasu kuma suna kama ta su sayar wa masu haɗa magani. Ba banza ba Bahaushe ke cewa an mai da mutum mujiya idan jama'a suka tsangwame shi.

Abin takaici, wadda muke jifa ɗin ita ce mai gadin rumbunmu. Mujiya biyu da 'ya'yansu kan cinye ɓeraye fiye da dubu a shekara, kuma hunturu, lokacin da gero da dawa suka shiga rumbu, shi ne lokacin da manomi ya fi bukatar wannan aiki. Kada mai karatu ya manta, ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969, kuma ya fi tsanani da rani. A Malesiya manoman kwakwar manja har akwatuna suke kafa mata domin ta zauna ta rage musu ɓarna. Ta fuskar addini ma, hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi da tsuntsaye, malamai da dama kuma sun ce har da mujiya ake nufi.

A nan ne hoto ke da rawar takawa. Mutanenmu ba su taɓa ƙare mata kallo ba, inuwa kawai suka sani da kuka a cikin duhu. Hoto guda da ya nuna ta fiffike a buɗe, ɓera a ƙafa, zai yi abin da doguwar lacca ba za ta yi ba.

Sai dai aikin ba na mai gaggawa ba ne. Farar mujiyar ƙanƙara takan yi farauta da rana, tamu kuwa sai rana ta faɗi, ga hazo yana rage haske, ga ƙura tana shiga kyamara. Dole mai hoto ya gano inda take kwana, ya tsaya nesa da madubi mai jawo abu kusa, ya saita kyamarar ta riƙa ƙiftawa cikin kusan kashi ɗaya bisa 1000 na daƙiƙa, sannan ya yi haƙuri. Kada ya haske mata ido da fitila, kada ya taɓa sheƙarta. Ya kuma guji ɗabi'ar da ta jawo ce-ce-ku-ce a Kanada, inda wasu ke jefa mata ɓeran da suka sayo domin ta taso kansu, har ta saba da mutane da bakin titi, motoci su buge ta.

Don haka muna kira ga matasan Sakkwato masu kyamara, da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su fita ƙauyuka a wannan hunturu. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos tana tattara bayanan tsuntsayen Nijeriya, kuma abin da suka gani zai amfane ta. Amma kafin hoton ya hau intanet, a fara nuna shi ga manomin da aka ɗauka a gonarsa, domin a hannunsa ran tsuntsuwar yake. Allah Ya sa mu gane.