Babbar taya ko ƙarama? Abin da keken da na saya ya koya mini a Yagwa

A Yagwa, hedikwatar Mayo-Danay da ke gaɓar kogin Logone, keke ba abin wasa ba ne. Da shi manomi ke zuwa gonakin shinkafa na SEMRY, da shi ɗalibi ke zuwa makaranta. Shi ya sa da na ci karo da keken hawan dutse na gwanjo a Marwa, irin wanda ake kira VTT, mai taya inci 29, ban tsaya dogon ciniki ba.

Gaskiya da farko na ji daɗinsa. Babbar taya tana haye rami da kunya ba tare da ta girgiza mutum sosai ba. A cikin yashi ba ta nutsewa kamar mai inci 26, kuma idan ta ɗauki gudu takan riƙe shi. Wannan ne ma ya sa masu tsere a Amurka da Turai suka rungume ta tun bayan da kamfanin Gary Fisher ya fara fitar da irinta a 2001.

To amma fa akwai matsala. Keken na da nauyin tashi, yana da wuyar juyawa a lungu, kuma ƙanena da ba shi da tsayi da ƙyar yake hawa. Da damina laka takan cushe tsakanin taya da ƙarfe har ta ƙi juyawa.

Ranar da tayar ta yage a hanyar Pouss na gane kurena. Mai faci ya duba, ya girgiza kai, ya ce: "Malam, 26 muke da ita, sai 28 ta tsohon keke. Wannan kam sai ka aika Marwa ko Garwa." Mako biyu keken na jingine, ina biyan kuɗin babur.

Wani abin mamaki, da na bincika sai na tarar ƙarfen tayar tsohon keken iyayenmu, irin su Phoenix, milimita 635 ne, na inci 29 kuwa 622. Ashe babbar taya ba baƙuwa ba ce a nan, sai dai tasu akwai kayan gyaranta a kowace kasuwa.

Shawarata ita ce, kafin ka tambayi mai sayarwa inci nawa, ka fara tambayar mai facin unguwarku ko yana da tayar.