SOJAN DA YA WANKE HOTUNA CIKIN HULAR KWANO

Kowa ya san aikin soja ba na har abada ba ne. Yaro yakan shiga da ƙarfinsa. Wata rana sai ya tuɓe kaki ya komo gida. Ran nan tambaya guda ce ke jiransa: da wace sana'a zai ci da iyalinsa? A garuruwanmu mun ga tsofaffin sojoji iri biyu. Wasu sun komo da sana'a a hannu, kamar tuƙin mota ko gyaran rediyo. Wasu sun komo da labari kawai.

Yau za mu ba ku labarin wani soja na ƙasar Amurka. Sunansa Tony Vaccaro. Ya koyi cin abinci da ɗaukar hoto tun yana cikin kaki.

Wane ne Tony?

An haife shi a Amurka cikin watan Disamba na shekara ta 1922. Iyayensa mutanen Italiya ne. Sun rasu tun yana ƙarami. Ya tashi maraya a wani ƙauyen Italiya mai suna Bonefro. A shekara ta 1939 ya koma Amurka, ya shiga lakwal kusa da birnin Niyok. Can ne wani malami ya nuna masa yadda ake ɗaukar hoto da yadda ake wanke shi. Abin ya shiga ransa.

A wannan lokaci ana yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila. Shi ne yaƙin da Faransa ta kwashi kakanninmu zuwa gare shi. Amurka ma ta kira samarinta. Aka ɗauki Tony soja.

Rundunar Amurka tana da nata masu ɗaukar hoto. Tony ya roƙa a sa shi cikinsu. Aka ce masa ya yi ƙanƙanta. Aka ba shi bindiga, aka sa shi cikin sojan ƙasa, runduna ta 83. Bai yi fushi ya jefar da burinsa ba. Yana da wata ƴar kyamara tasa ta kansa, mai suna Argus C3. Ya rataya ta a wuya, ya tafi da ita.

Bindiga a hannu, kyamara a wuya

A shekara ta 1944 rundunarsu ta sauka a Normandi, bakin teku a arewacin Faransa. Daga nan suka yi ta yaƙi. Suka ratsa Faransa da Luksambur da Beljik, har suka shiga Jamus. Tony ya yi kwana 272 a bakin daga.

Masu hoton runduna suna da manyan akwatuna masu nauyi. Ba ko'ina suke iya zuwa da su ba. Kyamarar Tony kuwa ƙarama ce, hannu guda yana riƙe ta. Ga shi kuma yana sahun gaba tare da ƴan uwansa. Tare suke kwana cikin rami, tare suke cin abinci. Ba wanda ke gyara tsayuwa don ya gan shi. Shi ya sa hotunansa suka nuna yaƙi yadda yake: gajiya, da tsoro, da yunwa, da mutuwa.

Amma aikin soja shi ne na farko. In an ce a yi harbi, bindiga yake ɗauka. In an sami sarari, sai ya ɗaga kyamara.

Yaya ake wanke hoto?

Yau hoto ba wuya. Ka danna salula, ka gan shi nan take. A zamanin Tony ba haka ba ne. Cikin kyamara akwai wani dogon abu mai kama da leda, a naɗe. Sunansa fim. An shafe shi da wani magani da ke jin haske. In an danna kyamara, wata ƴar ƙofa takan buɗe ta rufe da sauri. Hasken da ya shiga shi ke barin siffar mutum bisa fim. Amma ido ba ya ganin siffar nan sai an wanke fim.

Wanki yana da mataki huɗu.

Na ɗaya, a tsoma fim cikin maganin da ke fito da siffa.
Na biyu, a ɗauraye shi da ruwa.
Na uku, a tsoma shi cikin maganin da ke zaunar da siffa, don kada haske ya ɓata ta.
Na huɗu, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta, a shanya.

Abin da aka samu shi ake kira dodon hoto. A jikinsa fari yakan koma baƙi, baƙi ya koma fari. Daga gare shi ake fitar da hoto bisa takarda, ko sau nawa ake so.

Wankin nan sai cikin duhu. Haske kaɗan ya isa ya ƙone fim duka. Masu hoto suna da ɗaki na musamman don wannan aiki. To, ina soja zai sami ɗakin duhu a fagen yaƙi?

Ga dabarar da Tony ya yi. Ya sami magungunan wanki cikin wani kantin hoto da yaƙi ya rushe. Ya ari hulunan kwano na abokansa, ya haɗa huɗu. Ya zuba magani cikin biyu, ruwa cikin biyu. Yakan jira dare mai duhu. Ya tsoma fim daga wannan hula zuwa waccan, da lalube. In ya gama, ya rataya shi bisa reshen itace ya bushe. Da safe ya naɗe, ya sa cikin jaka, a ci gaba da tafiya. Dare ya zama ɗakinsa, hula ta zama kwanonsa.

Da haka ya ɗauki hotuna kusan dubu takwas. Da yawa sun salwanta, amma waɗanda suka tsira suna nan har yau.

Hotuna biyu da duniya ta sani

Na farko ya ɗauke shi a wani garin Faransa mai suna Sen-Biriyak, cikin watan Agusta na 1944. An kori sojojin Jamus daga garin. Mutane suna rawa a dandali. Wani sojan Amurka ya durƙusa yana sumbatar wata ƙaramar yarinya don murna.

Na biyu ya ɗauke shi a Beljik cikin watan Janairu na 1945, lokacin sanyi mai tsanani. Gawar wani soja ce kwance, dusar ƙanƙara ta kusa rufe ta. Sai daga baya Tony ya gane abokinsa ne. Mamacin ya bar ɗa ƙarami a gida. Bayan shekaru masu yawa, ɗan ya nemi Tony, suka gana. Ashe hoto ba ado kaɗai ba ne. Shaida ne kuma.

Bayan ya tuɓe kaki

An sallame shi daga soja a shekara ta 1945. Bai zauna yana tunanin abin da zai yi ba, don sana'a tana hannunsa. Ya tsaya a Jamus, yana yi wa jaridar sojojin Amurka aikin hoto. Ya ɗauki garuruwan da suka rushe, da mutanen da ke sake gina su. A shekara ta 1949 ya koma Amurka. Manyan mujallu irin su Look da Life suka ba shi aiki. Ya ɗauki hoton manyan mutane, har da John Kennedy, wanda ya yi shugabancin Amurka, da Picasso, shahararren mai zane. A shekara ta 1994 Faransa ta ba shi babbar lambar girma. Ya rasu cikin watan Disamba na 2022, yana da shekara 100.

Mu lissafa. Aikin sojansa bai kai shekara uku ba. Sana'ar hoto kuwa ta riƙe shi fiye da shekara hamsin.

Abin lura

Tony bai jira ranar sallama ba kafin ya fara. Bai jira kaya masu tsada ba. Bai kuma yi wasa da aikin da aka ɗauke shi dominsa ba. Ya yi amfani da ɗan lokacin da ya rage masa, da abin da ke kusa da hannunsa.

Manomi ya san wannan. Da damina ake shirin rani. Wanda ke da ɗa ko ƙane cikin soja, in ya zo hutu, bayan gaisuwa sai ya tambaye shi: wace sana'a kake koyo? Tun ran gini ran zane.