Tsimi da Tanadi Wajen Cefanen Gida

Ciyar da iyali shi ne ke cin kaso mafi tsoka na abin da yawancin magidanta ke samu a ƙasar nan. Bayan da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dakon kaya ya hau, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa a tsakiyar 2024 farashin abinci ya ɗara na shekarar da ta gabata da fiye da kashi 40 cikin ɗari. Magidanci ba shi da iko a kan farashin kasuwa, amma yana da iko a kan lokacin da zai yi sayayya da kuma yadda zai adana abin da ya saya.

Kowane irin abinci yana da lokacin arahar sa. Gero da masara sukan faɗi daga watan Satumba zuwa Oktoba, wake da dawa da shinkafa kuwa sai wajen Nuwamba da Disamba. Wanda ya jira sai damina ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa, zai sayi hatsin nan ne da ɗan karen tsada. Tumatir da tattasai da albasa sun fi araha da rani, sa'ad da masu lambu irin na Kadawa da Kura a Jihar Kano ke kwasar amfaninsu. Manja kuma yakan sauko daga Fabrairu zuwa Mayu, lokacin da kwakwar manja ta fi yawa a kudu. Uwargida mai dabara takan yanyanka tumatir da kuɓewa ta shanya a wuri mai tsabta tun suna banza, ta huta da tsadar damina.

Sayen kiri, wato awon gwangwani ɗaya yau, ɗaya gobe, shi ne saye mafi tsada, domin kowane hannu da kaya suka bi tun daga gona sai ya ɗora ribarsa. Abin takaici, wanda ba shi da hali shi ne aka fi tilasta wa irin wannan saye. Maganin haka shi ne haɗa kai. Gidaje huɗu ko biyar, ko ma'aikatan ofis ɗaya, suna iya haɗa kuɗi ko su yi adashi, su tura mutum ɗaya amintacce kasuwar sari, kamar Dawanau a Kano, ko Bodija a Ibadan, ko Mile 12 a Legas, ya sayo buhu a raba. Sai dai a lissafa kuɗin mota da na dako tukuna. In tafiyar ta cinye rangwamen, gara a sara a kasuwar kusa.

A kuma lura da ma'auni. Mudun wannan kasuwa ba lalle ne ya zo ɗaya da na waccan ba, akwai kuma masu awo da ke buga gindin kwano ya lotsa ciki. Ba rowa ba ce mai saye ya tafi da mudunsa.

Adanawa

A nan ne mutane da dama ke asarar abin da suka tara. Buhun waken da aka saya da kaka aka jingine a lungu, kafin wata uku ƙwari sun huda shi sun mai da shi gari. Sharaɗi na farko shi ne hatsi ya bushe sarai; in an gatsa ƙwaya ta fashe da ƙara, to ta bushe. Sa'an nan a zuba shi a mazubin da iska ba ta shiga, kamar jarka ko duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar mai ko guba ba, a cika shi fal, a rufe gam. Akwai kuma buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Hikimar duka ɗaya ce: ƙwarin da ke ciki su shaƙe 'yar iskar da ta rage, su mutu, ba tare da an sa magani ba. Saboda haka bai kamata a riƙa buɗe mazubin kullum ba. A ɗebi na wata guda a ajiye daban, sauran a bar shi a rufe, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Ana gargaɗin jama'a da kakkausar murya da su guji zuba maganin ƙwari a cikin abincin da za a ci. Yawan irin wannan guba a cikin wake ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa, ko Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Ƙasa, wadda hedkwatarta ke Ilorin, tana kuma da reshe a Kano.