Sabbin Mitoci a Tsohuwar Motar Amurka: Lissafin da Ke Bayan Dashbod

Duk wanda ya kalli fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya san baƙar motar nan Dodge Charger. Tana cikin jerin motocin da Amurkawa ke kira masul ka, ni kuwa zan kira su motoci masu ƙwanji: jiki matsakaici, injin silinda 8 mai girman gaske. Yawanci ana ƙidaya farkonsu daga Pontiac GTO ta 1964, mai injin lita 6.4. Zuwa 1970 Chevrolet Chevelle SS ta fito da injin lita 7.4 mai ƙarfin doki 450. Bayan haka dokokin hayaƙi, da tsadar inshora, da rikicin man fetur na 1973 suka rage musu ƙaimi.

Yau motocin nan sun haura shekara 50, kuma masu su a Amurka na zuba kuɗi sosai wajen raya su. Ɗaya daga cikin ayyukan da aka fi yi shi ne sauya mitocin dashbod. Wani zai ce kwalliya ce kawai. Ni dai a ganina darasi ne sukutum na lantarki da awo, irin wanda muke haddacewa don jarrabawa mu manta. To bari in bi mitocin ɗaya bayan ɗaya.

Me ya sa ake sauya su tun farko?

Da yawa daga cikin motocin nan sun fito daga masana'anta ba tare da cikakkun mitoci ba. Sai mitar gudu, da ta fetur, da 'yan fitilun gargaɗi. Fitilar baƙin mai ba ta kamawa sai matsin ya faɗi ƙasa da fam 10 a kowane murabba'in inci, wato lokacin da injin da ke gudu ya riga ya fara cin kansa. Mita kuwa tana nuna maka faɗuwar tun tana tafe. Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce kusan fam 10 na matsin mai ga kowane juyi 1,000 na inji a minti. Ka ga idan inji na juyi 3,000 allura kuma na kan 15, akwai magana, alhali fitila ba za ta ce uffan ba.

Dalili na biyu tsufa ne. A motocin Ford da na Chrysler na wancan zamani, mitocin zafi da fetur suna aiki ne da wani siririn ƙarfe mai lanƙwashewa idan ya ɗumama. Wutar da suke buƙata kusan bolt 5 ce, kuma wata 'yar na'ura ce a bayan dashbod take kunnawa tana kashewa don ta rage bolt 12 na batir. Ranar da bakinta ya manne, wuta ta wuce gaba ɗaya, allurai su tashi su bugi ƙarshe, mitocin su ƙone. Sabbin mitoci kuwa ƙaramar kwamfuta ce ke karanta saƙo, sannan ta juya allura da ɗan injin lantarki mai tafiya taku-taku.

Amita: inda wuta ke iya tashi

A nan zan daɗe, domin nan ne haɗarin yake. Motocin Dodge da Plymouth na shekarun 1960 suna da amita, mitar da ke nuna ko batir na karɓar caji ko yana bayarwa. Amita ba ta iya auna wuta sai wutar ta ratsa ta cikinta. Saboda haka wutar cajin batir takan taso daga altaneta, ta ratsa bangon da ya raba inji da ɗakin direba ta wani soket, ta shiga bayan dashbod, ta bi ta amita, ta sake fita zuwa batir.

Yanzu mu ɗauko lissafin aji. Zafin da ke taruwa a mahaɗar waya shi ne ampiya sau ampiya sau turjiya. Mu ƙaddara tsatsa ta sa turjiyar bakin soket ta kai om 0.05. Da ampiya 30, zafin ya zama wat 45 a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Idan mai mota ya sa sabuwar altaneta mai ƙarfi, wutar ta kai ampiya 60, zafin ya zama wat 180. Wuta ta ninka sau 2, zafi ya ninka sau 4. Roba ta narke, waya ta taɓa ƙarfe, shi ke nan.

Shi ya sa ake cire amita a sa boltmita. Ita boltmita ba ta ɗaukar kaya. Siririyar waya ɗaya da haɗi da jikin mota sun ishe ta. Batir lafiyayye a huce yana nuna kusan bolt 12.6, idan inji na aiki kuma allura ta tsaya wajen 14. Amma a lura fa: wayoyin amita guda biyu ba a yanke su a bar su a rataye. Da'irar ta bi ta nan ne, don haka dole a haɗe su da kyau a rufe, sannan a ja waya mai kauri kai tsaye daga altaneta zuwa ɓangaren batir, da fis a kanta.

Mitar fetur da rikicin om

A cikin tanki akwai wani abu mai yawo a saman fetur, ɗaure da hannu mai goga a kan waya mai turjiya. Fetur ya sauka, turjiya ta canja, mita ta fassara. Matsalar ita ce kowane kamfani da nasa ma'aunin. General Motors daga 1965 suna amfani da om 0 idan tanki ba komai, om 90 idan ya cika; kafin nan kuma 0 zuwa 30 ne. Ford da Chrysler sun bi ta bayan gida: om 73 ba komai, om 10 a cike. Mitocin kasuwa da yawa kuma 240 zuwa 33 ne.

Ka ɗauka an sa mitar 0 zuwa 90 a Ford Mustang. Tanki a cike yana aiko om 10, mita ta ce fetur ya kusa ƙarewa. Tanki ya bushe yana aiko om 73, mita ta nuna ya haura kashi uku cikin huɗu. Direba na murna, mota ta mutu a daji. Ba mitar ce ta lalace ba, ba kuma tankin ba. Yarensu ne bai zo ɗaya ba. Maganin shi ne a ɗauki na'urar awo a auna turjiyar kafin a sayi komai. Mitocin zamani da dama ana iya koya musu: a nuna musu tanki babu komai, a nuna musu a cike, su riƙe.

Mitar gudu

Tsohuwar mitar gudu ba ta shan wuta ko kaɗan. Wata igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga giyabos tana juya maganaɗisu a cikin ɗan ƙoƙon alminiyom. Juyin yana haifar da wuta a jikin ƙoƙon, wutar ta sa ƙoƙon ya so bin maganaɗisun, siririn sifirin kuma ya riƙe shi. Inda ƙarfin biyu suka daidaita, nan allura ke tsayawa. A Amurka an saba igiyar ta yi juyi 1,000 a kowane mil.

Igiyar ba ta san gudun mota ba, juyin giyabos kawai ta sani. Masu motocin nan kuwa suna son canja giyar baya don mota ta riƙa fizga. Idan aka tashi daga 3.08 zuwa 3.73, raba su ka gani: 1.21. Mota na mil 60 a awa, mita na cewa kusan 73. Canja girman taya ma haka yake yi.

Hanyar zamani biyu ce. Ta farko, a ɗaura sensa a ramin da igiyar take a giyabos, ta riƙa aiko bugun lantarki, misali 16,000 a kowane mil. Sai a tuƙa mota tazarar da aka sani a danna maɓalli, mita ta daidaita kanta. Ta biyu ita ce GPS, wadda ba ruwanta da taya ko giya, sai dai tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta kama tauraron ɗan'adam, kuma takan ɓata a hanyar ƙarƙashin ƙasa. Ni na fi karkata ga sensa, domin duk inda taya ta juya tana da labari.

Akwai kuma batun doka. Tun 1972 dokar tarayyar Amurka ta haramta wasa da mitar nisan tafiya. Wanda ya sauya ta, ko dai ya sa ta a lambar da tsohuwar take, ko ya fara daga sifili ya manna sanarwa a jikin ƙofar direba.

Juyin inji, zafi da baƙin mai

Mitar juyin inji tana ƙirga tartsatsi ne daga kwayil. Injin silinda 8 yana tartsatsi sau 4 a kowane juyi ɗaya. A juyi 3,000 ke nan bugu 12,000 a minti, wato 200 a daƙiƙa. Idan aka bar mitar a saitin silinda 6, za ta raba da 3 maimakon 4, ta nuna 4,000. Ɗan maɓalli ne kawai a baya, amma yana rikita mutane.

Tsohuwar mitar matsin mai kuwa da siririn bututu take aiki, wanda ke kawo baƙin mai mai zafi har bayan dashbod. In ya tsage, mai ya zubo wa direba a ƙafa, inji kuma ya rasa mai. Ta zamani sensa ce a jikin inji, waya kawai ke shigowa ciki. Abubuwa uku ne a kiyaye. Kowace mita da sensar da aka yi mata. Ba a haɗa sabuwar mita da tsohuwar sensa. Sensa mai waya ɗaya ta haƙoranta take mayar da wuta jikin inji, don haka nannaɗe ta da farin tef na famfo na iya toshe hanyar. Sannan bakin sensar zafi dole ya nutse cikin ruwa, in ba haka ba inji na tafasa ita tana auna iska.

Wasu sukan cire tsohon inji ɗungurungum su sa na zamani, irin jerin LS da General Motors ta fara fitarwa a Corvette ta 1997. A nan aiki ya yi sauƙi ta wani gefe, domin kwamfutar injin ta riga ta san zafi da juyi. Sai a karɓo bayanan ta soket ɗin OBD-II, wanda ya zama tilas ga motocin Amurka tun 1996.

A yanka dashbod ko kada a yanka?

Nan ne masu motocin ke musu. Darajar tsohuwar mota a wurin gwanjo tana tafiya da yadda ta riƙe asalinta, kuma ramin da aka huda a dashbod na 1969 ba ya toshewa ya koma yadda yake. Kamfanoni irin su Dakota Digital, AutoMeter da Classic Instruments suna yin mitocin da ke shiga gurbin asali ba tare da yanka ba, wasu ma da fuska irin ta da, cikinsu kuwa na zamani. Shawarata ita ce wannan, a kuma ajiye tsofaffin mitocin a kwali. Allon dijital mai walƙiya a cikin motar 1968 ni dai bai kwanta mini ba, amma wannan ra'ayi ne. Abin da ba ra'ayi ba shi ne a cire kan batir kafin a taɓa waya, a sa fis, a haɗa mitoci da jikin inji da waya mai kyau, a kuma nisanta wayoyin sensa daga na fulogi.

'Yan uwa masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ga hanya. Ba sai kun mallaki Charger ba. Tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka yi ta haɗawa a Kaduna, tana da igiyar mitar gudu da abin yawo a tanki, kuma da yawansu allurarsu ta daɗe da kwanciya. Ku nemi gidan mita ɗaya a wurin masu sayar da kayan tsofaffin motoci, ku kai ɗakin gwaji, ku haɗa da batir da akwatin turjiya, ku rubuta om nawa ke kai allura rabi, nawa ke kai ta ƙarshe. Daga wannan jadawalin, da ƙaramin allon Arduino, za ku iya gina mitar da za ta karanta kowane irin tanki.